Wofa Adusei da Hannun Hagu

A bangon katakon da ya raba zauren kimiyya da ɗakin aikin Adusei akwai wata 'yar huda, daidai idon mutum in ya zauna a kan gwangwanin fenti. Shi ya huda ta da kansa, kuma in za a faɗi gaskiya rabin rayuwarsa a bayanta ya yi. In ya gama ƙera abu ya fito da shi zaure ya kafa, ba ya tsayawa kusa da shi kamar mai talla. Komawa ciki yake, ya jawo gwangwaninsa, ya manna ido a huda, ya jira ya ga abin da mutane za su yi da shi.

Kowa a wurin yana ce masa Wofa, wato kawu a yarensu, tun daga darakta har mai shara. Kawun kowa ne, in dai a baki ne. Amma babu wani ɗan 'yar'uwa da ya taɓa kiran sa haka, domin shi kaɗai uwarsa ta haifa, kuma a nan Kumasi in uwarka ba ta bar 'ya mace ba, to gidanku a kanka ya ƙare. Aure ya yi sau ɗaya. Matar ta gaji da mutumin da zai dawo gida yana warin walda, ya zauna yana zane a bayan kwalin sabulu har abinci ya huce, ta tattara ta koma gidansu da ɗansu. Ba wanda ya ga laifinta, ɗa ai na gidan uwarsa ne. Yaron ya tashi a hannun kawunnansa, yanzu yana Italiya yana aiki a kamfanin tayil, yakan bugo waya ranar Kirsimeti ya tambayi lafiyar gwiwa. Tun tafiyar matar rabon Adusei da fufun gida, don fufu sai da mai daka da mai juyawa. Turmin yana nan a bayan ƙofa, cike da kusoshi da guntayen waya.

A unguwar Suame ya koyi aiki, cikin makanikai, ɓangaren wayarin mota. Wata rana wata tsohuwar malamar kimiyya ta kawo motarta gyara, ta tarar ya haɗa tsohon keken ɗinki da dinamo da fitilar mota, in ka taka da ƙafa fitila ta kama, in ka gaji ta dushe. Don nishaɗin abokan aiki kawai ya yi shi. Malama ta tattare zane ta zauna tana takawa har gumi ya keto mata, ta manta da motar da ta kawo. A shekarar take fafutukar buɗe wa yara zaure a wani tsohon sito na koko, sai ta tafi da Adusei. Ta daɗe da rasuwa, hotonta na nan saman ƙofa ya koɗe, shi kuwa bai sake barin wurin ba.

Duk abin da ke cikin zauren hannunsa ne. Akwai igiya da kurar ɗaga kaya wadda yarinya 'yar aji uku za ta ja ta ɗaga injin motar haya ta tirotiro sukutum. Akwai fatar ganga da aka barbaɗa wa yashi, in ka yi waƙa a bakin bututu yashin ya jeru ya yi zane. Akwai madubin da ke mayar da kai ƙasa ƙafa sama, wanda ya taɓa sa wani fasto kiran sunan Yesu da ƙarfi. Har aro ake zuwa yi na Adusei: shi ya yi bangon ƙafafun keke masu juya juna a ɗakin jira na wani asibitin yara, kuma an ce tun daga lokacin kukan wurin ya ragu.

Doka ɗaya gare shi, ba ya rubuta bayani a jikin abu. "In sai an karanta kafin a taɓa," yakan ce, "to ban gama aiki ba." Ba ya tambayar kowa ko abu ya yi kyau, fenti yake dubawa. Inda fenti ya goge, can hannu ya je. Ranar da aka karya masa mariƙi kuwa, ranar zai yi ta fito yana gyara, don abin da ba a so ba ya karyewa. Abokan gabarsa na duniya su ne malaman makaranta, Allah ya shirye su, waɗanda za su jero yara hannu ɗaya a baya yatsa ɗaya a kan leɓe, su zagaya da su zaure kamar masu gaisuwar makoki, duk wanda ya miƙa hannu ya sha ranƙwashi. A irin wannan rana Adusei yakan zauna a bayan hudarsa yana cizon haƙora shi kaɗai.

Sai da ritaya ta matso ya lura da wani abu da ya daɗe yana gani bai gani ba. Duk abin da ya ƙera na mutum ɗaya ne. Ɗaya na takawa, saura na kallo. Ɗaya na ja, saura na jiran layi. Sai ya ce na ƙarshe da zai yi, mutum ɗaya ba zai iya da shi ba ko da ƙato ne. Bai gaya wa kowa dalili ba, a takardar da ya kai wa darakta ya ce don a koya wa yara cewa lantarki na bin jikin mutum. Ni dai in ka tambaye ni, kaɗaici ne ya zana masa shi.

Sanduna biyu ne na tagulla, ya kafa ɗaya a wannan gefen zaure, ɗaya can a wancan, kowace da ƙwallo mai sheƙi a kai daidai tafin hannu. Tsakaninsu ya zana sawayen ƙafa a ƙasa da fenti ruwan ɗorawa, a jere, kowane nesa da ɗan'uwansa da tsawon hannu biyu. A sama ya rataye rabin duro da lasifika a cikinsa. Wutar ɗan ƙaramin batir ce, ko sauro ba za ta kashe ba. In mutane suka cika sawayen suka riƙe hannun juna, na farko ya dafa sanda, na ƙarshe ya dafa ɗayar, wuta za ta ratsa su duka, duro ya yi magana. In ya haɗa sandunan da waya don gwaji, wani siririn fito yake yi mai shiga kunne, domin waya ba ta tare wuta. Jikin mutum kuwa yana rage mata gudu, kowane mutum ya ƙara wa muryar kauri. A lissafinsa, in layi ya cika, abin da zai fito gurnani ne mai zurfi wanda za a ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Wannan muryar ce bai taɓa ji ba. Shi da mai tikiti da maigadi ba su kai rabin layi ba, sauran sai ya cike da waya, kuma wannan a wurinsa ha'inci ne. Yana so ya zauna a kan gwangwaninsa ya ji ta daga hannun mutanen da ba wanda ya gaya musu abin da za su yi.

Tagulla ta makara a hanya, aiki ya ja, bai gama ba sai makon da makarantu suka tafi dogon hutu. Maimakon ajin yara sa'o'in juna, masu zuwa sai iyalai, ranar Asabar da Lahadi bayan coci: uba da uwa da 'ya'ya, da kaka, da suruki da aka ɗauko daga ƙauye a nuna masa birni.

Sawayen sun yi aikinsu, a nan bai yi kuskure ba. Mutane na shigowa sai ka ga ƙafafunsu sun kai su kan fentin, sun jeru suna dariya, sun gane abin da ake so. Sai a zo miƙa hannu. Wani saurayi ya miƙa wa surukinsa hannu, ya duba ya ga hagu ce, ya fizge ta kamar ya taɓa garwashi.

"Yi haƙuri, Papa, ban lura ba."

Ya juya ya ba shi dama, sai ga hagunsa ta faɗa wajen gwaggon matarsa. Ya tsaya tsakiya hannuwa a harɗe a ƙirji, yana murmushin kunya. Wata yarinya ta kama hannun kakanta da hagu, uwarta ta ɗaka mata duka a gadon baya tun daga inda take. Wasu suka gwada juya wa juna baya, wasu suka gicciya hannu, aka ƙare da dariya, aka watse aka tafi wajen madubi. Mako ya bi mako a haka. Ƙwallayen tagulla suka yi ta sheƙi, duro yana rataye bai ce uffan ba.

Sista Gyamfua mai tikiti ce ta same shi a ɗakin aiki da tsakar rana, yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa a cikin takarda. Mace ce mai jiki da baki, ta aurar da 'ya'ya uku, ba ta tsoron kowa.

"Wofa, wai kai a Jamus aka haife ka?"

"Me na yi kuma?"

"Kowa dama ɗaya gare shi. Ka jera mutane ka ce kowa ya riƙe mutum biyu. To ɗayan da me zai riƙe shi, da haƙori?"

"Wuta ba ruwanta da hagu da dama."

"Wuta ba ta da suruki, shi ya sa." Ta ɗebi gyaɗarsa ba tare da ta tambaya ba. "Ni abin da ya ɗaure min kai, wata nawa kana zana abin nan, ko sau ɗaya bai faɗo maka a rai ba? Wofa, da kana shiga mutane da ba ka manta ba."

Ta faɗa ne da wasa, ta fita tana tauna. Shi kuwa ya ajiye ayabar. Ya san maganar hagu mana, uwarsa ta sha make masa hannu a kanta. Amma ya zana layin, ya auna shi, ya ƙirga gumin tafin hannu da kaurin fata, bai taɓa ganin fuskar kowa a cikinsa ba, balle ya ga wa ke tsaye kusa da wa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da mai gani, kuma ya ji tausayin kansa, abin da ya tsana.

Darakta Amankwa ba mugun mutum ba ne, wuri yake so ya yi amfani. Ya kira Adusei ofis ya ba shi kujera.

"Wofa, abin nan ya cinye mana rabin zaure, kuma shiru yake. Me zai hana a ba mutane guntayen bututun ƙarfe su riƙa a tsakaninsu? Ba wanda zai taɓa wani."

"In ba wanda zai taɓa wani, Darakta, ai waya ta fi sauƙi."

"To a matso da sandunan, mutum ɗaya ya buɗe hannu ya dafa biyun."

"Irin wannan muna da su cike da zaure."

Amankwa ya shafa kai. "Ƙarshen wata kake tafiya. In ya yi ƙara kafin nan, da mutane, ba da wayarka ba, na bar shi yadda yake har yara su dawo. In bai yi ba, ranar Litinin zan sa a matso da su. Ka yarda?"

Adusei ya ce ya yarda. Gyamfua ta ba shi shawara ya fito ya roƙi mutane da bakinsa, shi dattijo ne, za a ji maganarsa. Ya ce bai taɓa roƙon kowa ya taɓa aikinsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ta ce taurin kansa ya fi tagullar.

Asabar ta ƙarshe ta zo da ruwa tun azahar. Ba wanda ya shigo. Adusei ya kwashe kayan aikinsa a buhu biyu, ya share ɗakin, ya rasa abin yi, sai ya koma kan gwangwani yana kallon zaure babu kowa, ruwa na dukan kwano. Maigadi ma ya tsallaka titi ya fake a shagon mai shayi.

Wajen la'asar wata doguwar mota ta yi tari ta mutu daidai bakin ƙofa. Mutane suka duro a guje, zannuwan makoki baƙi da ja a kansu, suka cika bakin zaure suna kakkaɓe ruwa. Daga jana'iza suke, za su koma garinsu wajen Mampong. Wasu idonsu ja ne don kuka, wasu don abin da aka sha bayan kukan. Gyamfua ta dube su, ta dubi ruwan, ta tura littafin tikiti cikin aljihun tebur ta ce su shigo daga ciki.

A gabansu akwai wata tsohuwa 'yar firit mai sanda, kanta a aske, ana ce mata Nana Pokuaa. Tun daga yadda aka yi rige-rigen kawo mata kujera Adusei ya gane ita ce uwar gidan. Ba ta zauna ba. Ta bi ta zungure igiya da sandarta, ta leƙa madubi ta ce ai ko a haka ta fi matan jikokinta kyau. Yara suka bazu, manya suka bi su, kafin a jima wasu sun hau sawaye sun jeru. Adusei ya ga abin da ya saba gani, hannu ya miƙe ya koma, an fara ba da haƙuri. Ya kusa janye idonsa.

"Me ake yi a nan?" in ji Nana Pokuaa.

Gyamfua ta ce, "Nana, in aka riƙe hannu daga wannan sanda zuwa waccan, duron can zai yi magana."

"To ku riƙe mana, ku bar shi ya yi. Me kuke jira?"

Wani jikanta mai ƙaton agogo ya ce, "Nana, hagu ce matsalar. Dole wani ya ba babba hagu."

"Ji sakarai. Wa ya ce dole?" Ta tako ta ture shi da sanda, ta ɗora damanta a kan ƙwallon tagulla, ta miƙa hagunta a iska. "Ni na ba ƙarfe dama. Hagu tawa kuwa duk cikinku wa zai ce ya fi ƙarfinta? Da ita na wanke muku gindi. Wanda ke bi na ya zo ya karɓa da damansa, shi ma ya ba na ƙasa da shi tasa hagun. Auta ya ba ƙarfe, ƙarfe ba ya fushi."

Adusei ya ji gwangwani na neman zamewa a ƙarƙashinsa.

Sai dai jera dangi bisa shekaru ba ƙaramin aiki ba ne. Nan take rigima ta tashi tsakanin wasu mata biyu, kowace ta rantse ita ce ƙarama.

"Ke da kika goya ni?"

"Na goya ki a ina? Ina rarrafe kina sayar da lemo a tasha!"

"Ku rufe min baki," in ji Nana. "Afriyie, ke ce babba, ina wurin aka yanke miki cibi. Baƙin da kike shafa wa gashi bai rage miki ko wata ɗaya ba."

Aka kwashe da dariya. Mai agogo ya so ya shige gaban yayansa don shi ya sayi akwatin gawa, Nana ta ce akwati ya saya, ba shekaru ba. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani dogo mai furfura da aka kamo ta kafaɗa aka tsayar kusa da Nana. Ata sunansa, kuma tagwaicinsa aka binne yau. Inda aka ajiye shi nan ya tsaya, yana kallon ƙasa.

Aka jeru har kan wata 'yar mitsitsiya mai ɗaurin ribon, aka ga layi bai kai ba. Aka jawo Gyamfua, ta faɗi shekarunta aka rage mata biyu don kara, aka saka ta. Aka miƙe hannuwa har kafaɗu suka yi ƙara. Saura sawu ɗaya. Direba na ƙarƙashin mota, yaron mota ya tafi neman makaniki.

"Duk gidan nan ba wani mai rai?" in ji Nana.

Gyamfua ta nuna bangon katako da haɓa. "Akwai mutum a bayan can. Shi ma ya ƙera abin."

"Mutum ko ɓera? Kai, na bayan katako! Ga tsohuwa a tsaye hannunta a sama, kana leƙen ta ta rami?"

Wannan ba kiran da ake ƙi ba ne. Adusei ya fito yana goge hannu a wando, ya rusuna ya gaishe ta, ya yi musu ta'aziyya. Ya fara cewa shi ma'aikaci ne, bai kamata a ce da shi a ciki ba, Nana ta katse shi.

"Ɗan wa ne kai?"

Ya faɗi sunan uwarsa da ƙauyenta. Ya daɗe bai furta sunan da ƙarfi ba.

"Ban san ta ba, amma na san rafin garinku, na sha ruwansa. Shekarar gobarar daji da yunwa, kana ina?"

"Ina Suame ina koyon aiki, Nana. Gemu ya fara fito min."

"To Ata ya girme ka, lokacin yana da ɗa. Kai kuma ka girmi Afriyie, ko da yake a fuska ba a gani. Ku matsa ku ba shi wuri."

Layi ya gusa sawu ɗaya zuwa ƙasa, wuri ya buɗe tsakanin Ata da Afriyie. Adusei ya taka fentin da ya shafa da hannunsa. Ya ɗaga hagunsa ya tsaya da ita a iska, ta ƙi ƙarasawa.

"Wofa, kawo mana, kai ne babba," in ji Afriyie, ta cafke ta. Tafinta da ɗumi, da kaushi irin na mai ƙyafe kifi. "Kai! Hannun nan duk ƙashi. Ba mai dafa maka ne?"

Kafin ya amsa, Ata ya kama damansa. Ba riƙon wasa ba ne. Mutumin ya damƙe shi da ƙarfinsa duka, yatsu na nutsewa cikin fata, kuma hannun na rawa, wata 'yar rawa ƙarama da ba a gani sai an ji. Ata bai ɗago ya dube shi ba, wataƙila bai ma san hannun wa ya samu ba. Adusei ya ji rawar ta hau damtsensa ta shige ƙirji. Ya san ta. Ita ce wadda ke kama shi wani lokaci in ya buɗe ƙofar ɗakinsa da yamma ya tarar da komai inda ya bar shi. Bai taɓa zaton akwai ta a jikin wani ba. Sai ya matse hannun shi ma, ya goga babban yatsansa a bayan na Ata, kamar yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Ata ya ja dogon numfashi ya sauke. Rawar ta ragu kaɗan, ta dawo, ta sake raguwa. Adusei ya bi ta da hankalinsa duka, yana jira ta kwanta.

Sai ya ga layi ya tsinke. Yara na tsalle suna ihu, Afriyie ta sake shi tana tafi, mai agogo na rantsuwa, Nana Pokuaa na dariya har tana dafa sanda da hannu biyu. A waje mota ta tashi da hayaƙi, direba na danna oda yana cewa in ta sake mutuwa ba ruwansa. Aka kwasa a guje, ana jan yara, ana ɗaga Nana a tsallake kwata. Ata ne ya sake shi daga ƙarshe, ya ɗan sunkuyar da kai, ya bi sahu. Kafin Adusei ya kai bakin ƙofa motar ta sha kwana, ruwa ma ya tsagaita.

Gyamfua ta dawo tana gyara ɗankwali, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Wofa! Ka ci gari! Ranar Litinin da kaina zan shiga ofishin Darakta, in ya ce bai yarda ba mai shayi ma shaida ne, sai da ya leƙo. Ba mai matsar da sandunan nan."

Adusei ya ɗaga kai ya dubi duro.

"Ta fito?"

"Me?"

"Muryar. Ta fito?"

"Wai wasa kake? Har tebur ɗina sai da ya yi rawa. A cikin hanjina na ji ta."

"Ban ji ba," ya ce.

Ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta je ta dafa sanda ɗaya ta miƙo masa hannu iya tsawonsa, ta dubi zauren da ke tsakaninta da ɗaya sandar, ta sauke hannun a hankali.

"In yara suka dawo sai ka zo," ta ce. "Ai ba korar ka aka yi ba."

Ya gyaɗa kai. Su biyun sun san ba zai zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo ba.

"Gyamfua, faɗa min yadda take."

"Ni ina na iya? Kamar... tsaya ka ji."

Ta rufe baki, ta kumbura kumatu, ta fitar da wani gunji daga maƙogwaro. Tari ya sarƙe ta, ta yi dariya, ta ce ba haka ba ne, ta fi wannan zurfi. Ta dafa ƙirji ta sake gwadawa, a hankali, ta ja shi har numfashinta ya ƙare. Adusei ya karkata kai, ya lumshe ido yana saurare.

"Sake yi," ya ce.